Turaren da Ya Ƙi Fita Daga Lefe

Shekarun baya, kafin korona ta zo ta rufe duniya, aikina a Dubai shi ne shinshina kayan mutane. Idan 'yan uwa suka tambaye ni daga gida, nakan ce ina sashen kula da masu saye a wani kamfanin da ke sayar da kaya ta intanet, kuma ban yi ƙarya ba. Amma tsakani da Allah, bayan duk wahalar da na sha a jami'a ina karanta tattalin arziki, hancina ne ake biya wa albashi.

Bari in yi muku bayani, don labarin ba zai zauna ba sai da shi. A kasuwarmu ta gida, da zarar an ce Allah ya sa albarka, ciniki ya faɗa, kowa ya kama gabansa. Saye daga nesa ba haka yake ba. Mai saye bai taɓa kayan ba, bai gwada ba, hoto kawai ya gani a waya. Saboda haka ƙa'ida ta ba shi damar ya sake shawara. A kamfaninmu makonni biyu ne, ya dawo da kaya a mayar masa da kuɗinsa, ba sai ya faɗi dalili ba. Sharaɗin dai kaya su dawo yadda suka tafi. Ɗan katin nan da ke rataye a wuyan riga, wanda muke kira tag, ya kasance yana nan. Takalmi a cikin kwalinsa. Turare da man shafawa ba a ɓalle musu leda ba. Tufafi kuma kada a ji alamar sun taɓa jikin mutum.

A nan hancina ke shigowa. Ina da teburi a cikin sito, ana turo min kwalaye in buɗe. Ranar Lahadi, wadda a lokacin ita ce farkon mako a can, aiki ya fi yawa, domin akwai matan da ke sayen riga su cusa tag ɗin a ƙeya, su je biki daren Juma'a su sha rawa, sannan su ce rigar ba ta yi musu ba. Sai in ɗaga rigar in kai hanci. In ji hayaƙin shisha, ko gumi, ko turaren oud. A gabana akwai kwamfuta mai maɓalli biyu, kore da ja. Na ƙware har nakan danna ja ina hamma. Idan mai kaya ya bugo waya yana masifa, akwai jimlar da na haddace nake karanta masa cikin murya mai sanyi: muna ba da haƙuri, kayan ba su dawo yadda za a iya sake sayar da su ba.

A unguwar Al Nahda nake zaune, a wani gidan bene da aka yayyanka ɗakuna, kowane ɗaki da mutanensa. Ɗakinmu ni da abokina ne. Mutumin Funtuwa ne, yana gyaran na'urorin sanyaya gini a wani ƙaramin kamfanin kwangila. Mutum ne mai shiru, mai tsumulmular da har ta zama abin tsokana a tsakaninmu. Shayi da burodi da safe, shinkafa da wake da yamma, jirgin ƙasan metro ko ƙafa, ban taɓa ganin ya tsayar da tasi ba. Ina ce masa wata rana za a same shi ya bushe a kan katifa da kuɗi a ƙarƙashin filo. Sai ya yi murmushi ya ce, "Kai dai bari, aure nake tarawa."

Akwai yarinyar da yake nema a Zariya tun kafin ya fito. Ta gama karatu, ta yi bautar ƙasa, tana zaune tana jiransa. An ɗaga bikin har sau biyu saboda bai shirya ba. A na ukun mahaifinta ya kira shi da kansa ya ce masa wannan ne na ƙarshe, kuma abin da ya sa ya yi haƙuri shi ne ya san yana da aikin yi, domin ba zai ɗauki 'yarsa ya miƙa wa mutumin da ba shi da madafa ba. Magana ce ta uba, ba wanda zai ce ya yi laifi.

Da lokacin rangwamen shekara ya zo a kamfaninmu, ni na ba shi shawara ya yi odar lefe. Atamfofi da lesuka ƙanwar babansa za ta saya a Kano, shi kuma ya ɗauki sauran daga nan: abayoyi, mayafai, takalma da jakunkunansu, turaruka, kayan shafa, da saitin akwatuna. Kusan duk abin da ya tara ya zuba. Ranar da ya danna biya na ce masa ya kwantar da hankali, idan ma wani abu bai yi ba ai gidan mayarwa ka zo.

A daidai wannan lokacin mahaifiyata tana wurinmu. Na kawo ta ne a duba mata gwiwa, abin da ya cinye ɗan abin da nake da shi har da na watanni masu zuwa. Ban iya kama mata masauki ba. Abokina, ba tare da na roƙe shi ba, ya naɗe katifarsa ya koma wani lungu kusa da kicin ya bar mata ɗakin. Shi ke raka ta asibiti ranar da ba a ba ni hutu ba, shi ke riƙe mata jaka a matakalar metro mai tafiya da kanta, wadda take tsoro kamar me. Ni ɗan fari ne, don haka Umma ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ido cikin ido ba. "Kai" ne ni, ko "wannan". Amma shi, "ɗana" take ce masa, baki har kunne. Na sha yi mata ƙorafi cikin wasa, sai ta kawar da kai ta ce in tashi in ba ta wuri.

Da kwalayen suka fara isowa suna taruwa a gefen gado, ta tambaye shi wa zai haɗa masa lefen. Ya ce ai haka zai kai su Al Ras wurin masu jigilar kaya a saka a kago, idan sun isa gida a san yadda za a yi. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana sakandare.

Umma ta ce, "Haka a kwali, kamar kayan shago? Ina raye, ina zaune a ɗakinka? Ai ni ce uwarka a garin nan."

Ranar da abin ya faru ina wurin aiki. Na dawo gab da magariba, tun daga cikin lif na ji ƙamshin gidanmu na Kano. Turaren wutan Umma ne, wanda take haɗawa da hannunta da icen sandal da gajiji da farce da wasu abubuwan da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ba ta zuwa ko'ina ba tare da kwalbarsa ba. Ina buɗe ƙofa na tarar da hayaƙi ya cika ɗaki. Abokina ya hau kujera ya ɗaure wa ƙararrawar gobara safa don kada ta tona mana asiri. Da yake babu kabbasa, Umma ta kifa kwandon wanki a kan kasko, tana shimfiɗa abayoyin ɗaya bayan ɗaya suna shan hayaƙi. Takalma an jera kowanne da jakar da ta dace da shi. Turaruka duk a buɗe. A gefenta ga almakashi.

Na ce, "Umma, ina kwalayen?"

Ta ce ɗanta ya sauke su wurin shara tun da rana, me za a yi da tarkace.

Na ce, "Tag ɗin fa?"

Ta ce, "Waɗannan takardun? Ana kai wa mutane lefe da farashi a jiki ne, sai ka ce gori ake musu? Kuma ba zan sa wa 'yar mutane turaren da ban ji ƙamshinsa ba."

Na yi dariya na ce, da a teburina aka kawo waɗannan kayan, da ko taɓa su ba zan yi ba zan danna ja. Ta harare ni ta ce ban da mugun baki, wa ya taɓa sayen lefe da niyyar mayarwa. Abokina na tsaye a jikin ƙofa yana kallon yadda take naɗe mayafai tana jerawa a cikin babban akwati. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne.

Da ta rufe akwatin ƙarshe ta dafa shi ta yi addu'a, sannan ta ce masa, "Wannan turaren, ɗana, ko shekara goma aka yi ba zai fita ba. Duk wadda ta buɗe za ta san ango yana da uwa." Ta juyo gefena ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Kai kuma idan ka ga dama ka yi hankali, naka yana nan."

Ranar Juma'a muka raka ta filin jirgi. Ranar Lahadi abokina ya tafi aiki ya tarar da ofishinsu a kulle, ma'aikata tsaitsaye a waje. Mai kamfanin ya bar ƙasar. Babu albashin watan, babu kuɗin sallama, babu tikitin komawa gida.

Wanda bai zauna a can ba ba zai gane abin da wannan ke nufi ba. Bizarka a ɗaure take da aikinka. Da an soke ta, kusan wata guda ake ba ka, ko ka samu wani aikin ko ka fita. Wata guda ba ya isa neman aiki. Abin da mutane ke yi shi ne su sayi bizar ziyara ta 'yan watanni, su ci gaba da biyan haya, su yi ta yawo da takardu har Allah ya kawo. Mai sana'a irin tasa zai samu idan ya samu lokaci. Lokacin ne ke buƙatar kuɗi, kuɗin kuwa suna cikin akwatunan da ke jere a bangon ɗakinmu. Ni a lokacin abin da zan iya bai wuce in ɗauke masa hayar wata da abinci ba.

Ya zauna a bakin katifa ya yi lissafinsa. Idan ya samu aiki kafin ranar biki, mahaifin yarinyar ba sai ma ya ji labari ba, a yi ƙaramin lefe daga baya. Idan ya koma gida hannu rabbana, ya san abin da ke jiransa. Ya ɗago ya ce, "Makonni biyun nan ba su cika ba, ko?"

Na ce ba su cika ba.

Ya ce, "To khalas, shi ke nan. A mayar da lefen, a ceci auren."

Na fi kowa sanin abin da zai faru, amma ban iya faɗa masa a ranar ba. Sai muka shiga aikin banza, mu biyu, da dukkan ƙarfinmu. Ya sauka wurin mai gadin ginin ya tambayi kwalaye, aka ce motar shara ta kwashe tuni. Muka shanya abayoyin a baranda suna kallon titin Sharja, iska ta yi ta kaɗa su. Muka rufe su cikin leda da garin kofi, don wani ɗan ɗakin kusa ya ce yana shanye wari. Muka kunna musu fanka. Wanki ba zai yiwu ba, rigar da aka wanke daga nesa nake gane ta. Kullum idan na dawo sai ya miƙo min mayafi ya ce, "Ji wannan, ya ragu ko?" In kai hanci. Turaren Umma yana nan daram, har ya haɗu da kofi ya ƙara daɗi.

Rannan ya ce min, "Amma ai kai ne kake dubawa." Bai kalle ni ba da ya faɗa, kuma na san nauyin da maganar ta yi masa. Na yi masa bayani cewa adireshinmu ɗaya, kwamfuta ba za ta taɓa turo min kayan ba, kuma tun ranar da ya yi oda da rangwamena na ma'aikaci aka san mun san juna. Ya gyaɗa kai ya ce ya gane, in yafe masa. Muka samo wasu kwalaye daga kantin ƙasa muka zuba kayan, mai ɗauka ya zo ya tafi da su.

Teburin da ke kusa da nawa aka kai su, wurin wata abokiyar aikina 'yar Filifin, wadda ita ta koya min aikin. Ina kallo ta yanka salatif ta buɗe kwalin farko. Ƙamshin ya tashi ya cika sito. Masu ɗaukar kaya suka tsaya suna waige. Ta lumshe ido ta ja numfashi, ta juyo ta ce min wannan wane irin turare ne, a ina ake sayarwa, tana so ta saya wa mamarta. Na ce ba a sayarwa, mahaifiyata ce ke haɗawa. Sai ta kalli sunan da ke kwamfuta, ta kalle ni, murmushin ya ɓace. Ta ɗaga abaya ta duba wuya, babu tag. Ta ɗaga takalmi, babu kwali. Ta ce min in yi haƙuri ƙwarai, ta danna ja. Haka ta yi ta yi har kwalin ƙarshe, ni kuma ina zaune da wata rigar a hannuna na kasa tuna abin da zan yi da ita.

Na tafi ofishin manajanmu, wani Bamisre mai kirki. Ban taɓa roƙonsa komai ba. Na zauna na yi masa bayanin lefe tun daga tushe, yadda mata ke taruwa a buɗe akwati ɗaya bayan ɗaya, yadda ake auna darajar ango da danginsa da yadda aka jera kaya. Na ce masa ba wanda ya sa waɗannan tufafin, ko gwadawa ba a yi ba, wata tsohuwa ce kawai ta so ta yi wa maraya abin da uwarsa za ta yi masa. Na ce auren mutum ne a cikin kwalayen nan.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Habibi, wallahi na gane. Mu ma a ƙauyenmu ana kai kayan amarya a mota a buɗe kowa ya gani. Amma faɗa min, idan na karɓa, wa zan sayar wa? Matar da za ta saya gobe za ta buɗe ta ji ƙamshi, ta ce mun aiko mata da kayan wata. Ta dawo da shi teburinka, kai kuma ka ba ta gaskiya."

Maganata ce, na faɗa wa mutane ita fiye da yadda zan iya tunawa. Ya ce zai rubuta wa na sama da shi, kuma ya rubuta. Amsar ta zo washegari, layi ɗaya, jimlar nan da na haddace.

Abu ɗaya aka karɓa. Agogon da abokina ya saya wa mahaifin yarinyar, wanda Umma ta ce ba kayan lefe ba ne ta ture shi gefe a kwalinsa. Kuɗin suka tafi a katin metro da buga takardun neman aiki. Sauran kayan kamfani ya sake aiko mana da su har ƙofa, mai kawowa ya miƙa wa abokina waya ya sa hannu cewa ya karɓa lafiya.

Sai muka nufi Al Ras, wurin 'yan kasuwarmu masu sarin kaya zuwa gida. Mun yini muna jan akwati daga wannan masauki zuwa wancan, cikin zafin da ke tafasa ƙwaƙwalwa. Su kwantena suke saye a farashin sari, kayan babban kanti sun yi musu tsada, ga shi ba kwali ba tag. Wata Hajiya 'yar Kano ta ɗaga abaya ta shinshina ta ce, "Wannan ai lefe ne. Me ya sami auren?" Abokina ya ce ba abin da ya same shi. Ta ce, "To me ya sa kake sayarwa? Ɗana, wannan ƙamshin hannun uwar wani ne. Idan na kai kasuwar Kwari na sayar wa mai haɗa lefe, dangin amarya za su ce an kawo musu ragowar wata." Ta sayi takalma da jakunkuna da ƙananan akwatunan a farashin da na ji kunyar ji. Ba ta cuce shi ba, abin da za ta iya ke nan.

Abin da aka samu bai kai bizar ziyara da haya ba, amma ya kai tikiti. Ya yi ta zuwa ganawar neman aiki har kwanakin da aka ba shi suka ƙare. Wani kamfani ya ce ya dawo bayan wata biyu, akwai gurbin da zai buɗe. Wannan ne ya fi komai ci min rai, har yau.

Ranar da zai tafi ya tura babban akwatin, mai abayoyi da mayafai, saman kwabata. Ya ce in ajiye masa, zai dawo ya ɗauka, inshallah. A filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada Umma ta taɓa sanin maganar turaren nan. Ba wanda ya taɓa yi min abin da ta yi min."

Ya koma Funtuwa yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a garin da wuta ke zuwa gaisuwa ta koma. Mahaifin yarinyar ya fi yadda muka zata haƙuri. Ya ba shi zuwa bayan ƙaramar salla, ya ƙara masa zuwa babba. Ni kuma ina nan ina raba takardunsa, ina turo masa duk tallan aikin da na gani, amma masu ɗaukar ma'aikata suna son wanda ke cikin gari ya zo gobe da safe. A ƙarshe shi da kansa ya tura manyansa Zariya suka ce ya janye, ba zai ci gaba da riƙe 'yar mutane ba. Ya bugo min bayan sun dawo. Ya faɗa min, ina jin kukan awaki a bayansa. Yarinyar ta yi aure a shekarar da ta biyo.

Da Umma ta ji an fasa, ta yi kuka. Abin da ta sani shi ne aiki ya ƙare, kuma gaskiya ne. Ta ce in gaya wa ɗanta kada ya damu, ya adana kayan, turaren ba zai fita ba, duk wadda Allah ya ba shi za ta same shi kamar jiya aka yi. Na ce to, Umma.

Ta rasu a shekarar korona, lokacin da jirage ba sa tashi. Ban ga gawarta ba. Abokina ya biyo hanyoyin ƙauye a kan babur, don an tare manyan tituna, ya isa Kano kafin a fita da ita. Yana cikin waɗanda suka sa ta a kabari. Bayan sadakar uku ya kira ni ya ba ni labarin yadda aka yi komai, dalla-dalla, don ya san zan so in ji. Da zai ajiye waya ya ce, "Akwatin nan da ke wurinka, na bar maka. Ni ta haɗa min, kai ba ta samu ta haɗa naka ba."

Mutane kan tambaye ni me ya sa na bar wancan aikin, in ce gajiya. Gaskiya na ci gaba da shi har wani lokaci, ina danna ja inda ya kamata, don ƙa'idar ba ta canza ba kuma ban taɓa ganin ta a matsayin zalunci ba. Wannan ne ma abin da ya hana ni samun sauƙi. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi na rasa. Abokiyar aikina ta yi aikinta. Manaja ya faɗi gaskiya. Mahaifin yarinya ya yi haƙuri fiye da kima. Umma ta yi abin da kowace uwa ta gari za ta yi, kuma ta yi shi da kyau, da ta yi shi sama-sama ma da iska ta kwashe. Abin da na koya bai da yawa: yanzu idan na ga ɗan uwa ya yi odar lefe ta waya, nakan ce masa kada a taɓa almakashi sai makonni biyu sun wuce. Sukan yi dariya su ce ban da mugun baki.

Abokina bai yi aure ba har yanzu. Muna waya duk Juma'a, ba ma ta da maganar.

Akwatin yana nan tare da ni, na sauya gida da shi, na dawo Najeriya da shi. Abayoyin sun zama tsohon yayi, ba amaryar da za a kai wa su yanzu. Da farko nakan buɗe shi duk lokacin da kewarta ta taso min, in sa fuskata a cikin mayafan da muka shanya a baranda muna roƙon Allah ya fitar da ƙamshinsu. Daga baya na rage buɗewa, domin hancin nan da aka biya ni albashi a kansa ba ya yi min ƙarya. Duk buɗewa sai na ji ya ragu kaɗan.

Shekara goma ta ce. Ba su cika ba tukuna, kuma ni kaɗai na san ba zai kai ba.